Wasa Ɗaya, Muryoyi Barkatai: Nazarin Salailan Watsa Wasan Ƙarshe na Ƙwallon Jami'o'in Amurka a Talabijin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda tashar ESPN ta Amurka take watsa wasan ƙarshe na gasar ƙwallon jami'o'in ƙasar ta salailai da dama a lokaci guda, tsarin da ta raɗa wa suna MegaCast tun shekarar 2014. An bibiyi asalin tsarin, sannan aka rarrabe salailan bisa abin da kowannensu yake sauyawa: muryar mai sharhi, ko mazaunin kyamara, ko matsayin mai magana game da ɓangarorin da suke karawa. Maƙalar tana da ra'ayin cewa waɗannan salailai sun tona wani abu da watsawar gargajiya take ɓoyewa, wato abin da mai kallo yake gani a gida labari ne da aka tsara masa. An kuma nuna amfanin wannan ga mai nazarin sharhin wasanni a harshen Hausa.

Fitilun Kalmomi: sharhin wasanni, talabijin, MegaCast, murya, mai kallo

1.0 Gabatarwa

Wasan da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da wanda aka sani a sauran duniya. Ya fi kusa da zari-ruga, kuma da hannu ake yin mafi yawansa. 'Yan wasa 11 ne a kowane ɓangare. Ɓangaren da yake riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba da yadi 10. In ya yi, a sabunta masa damar, in ya kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. An raba wasan kashi huɗu, kowane kashi minti 15, amma saboda yawan tsayawa akan shafe fiye da awa uku kafin a tashi. A shekarar 2010 jaridar Wall Street Journal ta auna wasu wasannin ƙwararru, ta samu cewa lokacin da ake ainihin fafatawa bai wuce kimanin minti 11 ba.

Wannan adadi shi ne mabuɗin abin da za a tattauna. Idan fafatawa minti 11 ce a cikin awa uku, to sauran lokacin wani ne yake cike shi, da magana da maimaicin hoto da alƙaluma da fuskokin 'yan kallo. Ke nan wasan da ya isa ga mai kallo a gida, akasarinsa aikin gidan talabijin ne. Tambayar da ta haifi wannan nazari ita ce: me yake faruwa idan gidan talabijin ɗin da kansa ya ba da labarin wasa ɗaya ta hanyoyi fiye da goma, ya ce wa mai kallo ya zaɓa?

2.0 Waiwaye

An fara nuna wasan ƙwallon jami'o'i a talabijin a ranar 30 ga Satumba, 1939, lokacin da Fordham ta kara da Waynesburg a birnin New York. Tun daga nan kowace sabuwar dabara ƙara wa gidan talabijin iko take yi a kan abin da ido zai gani. A watan Disamba na 1963 tashar CBS ta fara maimaita hoto nan take a wasan makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa, har sai da mai sharhi ya faɗakar da jama'a cewa ba wani sabon ci aka yi ba. A 1998 ESPN ta fara zana layin nan mai launin ɗorawa a kan hoto, wanda yake nuna inda ake son kaiwa. Layin babu shi a fili, amma yau mai kallo ba ya iya tunanin wasan ba tare da shi ba.

Akwai wani gwaji da ya cancanci a tsaya a kansa. A ranar 20 ga Disamba, 1980, tashar NBC ta watsa wasan ƙwararru tsakanin New York Jets da Miami Dolphins ba tare da mai sharhi ko ɗaya ba. An bar masu kallo da ihun fili da muryar mai sanarwa na filin da rubuce-rubuce a kan allo. Tashar ba ta mayar da wannan al'ada ba. A wancan zamani tasha ɗaya ce take ɗauke da wasa, don haka duk salon da ta zaɓa ya hau kan kowa, mai so da marar so. Abin da ya sauya daga baya shi ne yawaitar tashoshi a hannun kamfani guda. ESPN, wadda aka kafa a 1979, ta wayi gari da ƙannen tashoshi irin su ESPN2 da ESPNU da ESPNews, ga kuma hanyar intanet. A daren wasan ƙarshe waɗannan tashoshi ba su da wani shiri da zai iya gogayya da babbar yayarsu. Maimakon a bar su suna maimaita tsofaffin shirye-shirye, sai aka ga ya fi riba su ma su nuna wasan, kowace da nata salo. An jarraba haka a 2006 da sunan Full Circle, sannan aka faɗaɗa shi a ranar 6 ga Janairu, 2014, a wasan ƙarshe da Florida State ta doke Auburn da maki 34 da 31 a Pasadena. A nan sunan MegaCast ya fito. Shekara guda bayan haka aka koma sabon tsarin gasa na sili-ɗaya-ƙwale, kuma salailan suka bi shi har yau.

3.0 Sauya Murya

Mafi shahara a cikin salailan farko shi ne wanda tashar ta kira Film Room, wanda za a iya kira zauren masu horarwa. Akan tara masu horar da ƙungiyoyin wasu jami'o'i da ba sa cikin wasan, a zaunar da su gaban babban allo, su riƙa tsayar da hoto suna mayar da shi baya suna muhawara. A 2014 an ga irin su Kevin Sumlin da Paul Chryst da Steve Addazio. A 2022 kuwa Jimbo Fisher aka gayyato tare da mataimakansa na Texas A&M, domin su ne suka doke Alabama a kakar, ga shi kuma Alabama ta kai wasan ƙarshe.

Abin lura a wannan zaure, ta fuskar harshe, shi ne ba da mai kallo ake magana ba. Mai sharhi na babbar tasha, kamar Chris Fowler da abokin aikinsa Kirk Herbstreit, yana sane da cewa cikin masu sauraronsa akwai wanda sau ɗaya yake kallon wasan a shekara. Dole ya sassauta, ya fassara, ya maimaita. Masu horarwa kuwa da junansu suke zance, cikin karin harshen sana'arsu, da gajerun kalmomi da lambobi da sunayen dabaru waɗanda baƙo ba zai gane ba. Mai kallo ya tashi daga matsayin wanda ake yi wa jawabi ya koma mai saurare daga bakin ƙofa. Kuma a nan daɗin yake. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maƙera ko dillalan shanu suna zancen sana'arsu ya san cewa rashin gane komai ba ya hana jin daɗi. Hasali ma shi ne shaidar cewa abin da ake ji na gaske ne, ba a tace shi domin baƙo ba.

Haka nan zauren ya juya alƙiblar lokaci. Sharhin gargajiya bin wasa yake yi a baya: abu ya faru, a faɗa, a maimaita, a yi bayani. Masu horarwa kuwa tsayuwar 'yan wasa suke karantawa kafin a motsa, su ce ga abin da zai biyo baya. A wasan 2014, Florida State tana baya da maki 21 da 3 lokacin da ta yi kamar za ta buga ƙwallo ta sallama shi, sai ta ruga da shi, dabarar da ta farfaɗo da ita. Irin wannan lokaci ne yake nuna bambancin idon gwani da na gama-gari, domin alamun dabarar a tsayuwar 'yan wasa suke, kuma babbar tasha ba ta cika ba wa tsayuwa muhimmanci ba. Sai dai salon yana da nasa naƙasu. Yayin da gwanaye suke mayar da hoto baya suna gardama, wasa yana ci gaba a wani ƙaramin lungu na allo. Wanda ya zo neman ilimi ya samu, wanda ya zo neman bugun zuciya ya yi asara.

A ɗaya gefen akwai salon hira. An gwada tara fitattun mutane a ɗaki suna kallo suna taɗi, wasunsu ma ba masana wasan ba ne. Wannan bai yi ƙarko kamar yadda aka so ba, a ganin mai wannan nazari saboda taron ba shi da wata alaƙa ta gaske da ta haɗa shi. Da 'yan'uwan nan biyu, Peyton da Eli Manning, suka fara nasu shirin a wasannin ƙwararru na daren Litinin a 2021, sai aka ga abin da ya ɓace: wa da ƙane ne, suna da tsokanar da ba a koya. A 2023 aka ba wa Pat McAfee, tsohon ɗan wasan Indianapolis Colts, tashar ESPN2 a daren wasan ƙarshe, inda yake tsayawa a bakin fili da abokan shirinsa suna ihu suna barkwanci kamar sauran 'yan kallo. Tashar da ta ɗauki masu horarwa a 2022 ita ce ta ɗauki masu barkwanci a 2023, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda kamfanin yake ganin kasuwa ta karkata.

4.0 Halatta Son Kai

Ƙa'idar da aka gina sharhin ƙasa baki ɗaya a kanta ita ce rashin ɗaukar ɓangare. Mai sharhi alƙali ne na biyu, ba ya cewa "mu" ko "su". Amma ƙwallon jami'o'i ba a gina shi a kan wannan ba. A jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu ƙungiya a babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ƙungiyar jami'a ita ce tutar jiha, kuma goyon bayanta gado ne da ɗa yake tarar da shi a gida. Kowace babbar jami'a tana da mai sharhinta na rediyo, wanda aikinsa ne ya yi murna in an ci, ya yi baƙin ciki in an sha kashi.

MegaCast ya ɗauki waɗannan muryoyi na rediyon gida ya ɗora su a kan hoton talabijin. Ya kuma ƙirƙiro wani shiri mai suna Homers Telecast, inda ake kawo tsohon ɗan wasa daga kowane ɓangare ya fito fili ya goyi bayan makarantarsa. A 2016 Tajh Boyd ne ya tsaya wa Clemson, Barrett Jones kuma ya tsaya wa Alabama.

Wasan ƙarshe na 8 ga Janairu, 2018, ya isa misali. Georgia tana gaba da 13 da nema aka tafi hutu. Alabama ta sauya mai jefa ƙwallonta, ta sako Tua Tagovailoa, ɗalibin shekarar farko. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, Georgia ta sake wucewa gaba da maki 23 da 20. A yunƙurin farko aka kayar da Tagovailoa, ya yi asarar yadi 16. A na biyu ya jefa ƙwallo mai nisan yadi 41 ga DeVonta Smith, wasa ya ƙare 26 da 23. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, amma an ba da labarinsu a lokaci guda ta bakin Fowler a babbar tasha, da bakin Eli Gold a rediyon Alabama, da bakin Scott Howard a rediyon Georgia. Hoto ɗaya ne. A baki na farko abin mamaki ne, a na biyu cikar buri, a na uku kuwa rasuwa ce a gida.

Tun a 1977 Comisky da Bryant da Zillmann suka nuna, ta hanyar gwaji da wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, cewa kalaman mai sharhi suna sauya yadda masu kallo suke ganin zafin wasa, ko da hoton bai sauya ba. Abin da waɗannan masana suka yi a ɗakin gwaji shi ne ESPN take yi duk shekara a gaban miliyoyin mutane, ba don bincike ba.

5.0 Sauya Ido, da Cire Murya

Kyamarar gargajiya tana zaune a gefen fili tana bin ƙwallo duk inda ya nufa. Wannan yana da tsada da ba a cika lura da ita ba: da zarar an fara, masu rugawa gaba don karɓar ƙwallo da masu tsaronsu sukan fice daga allo, alhali a can ne ake yanke hukuncin mafi yawan jifa. Salon All-22 yana ɗaukar hoto daga can sama ta yadda duk 'yan wasa 22 za su fito, irin hoton da masu horarwa suke nazari da shi. Salon SkyCast kuwa kyamara ce da take lilo a kan wayoyi a bayan masu kai hari. Matasan da suka tashi da wasannin kwamfuta sun riga sun saba da wannan kusurwa, domin daga nan suke sarrafa 'yan wasansu. Talabijin ce take kwaikwayon wasan da aka ƙirƙira don kwaikwayonta. Akwai kuma ƙananan kyamarori da ake dasawa a turakun kusurwar gidan ci, da salon da yake raba allo gida-gida tare da alƙaluma. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani.

Wanda ya fi jan hankali shi ne Sounds of the Game, jikan gwajin NBC na 1980. Babu mai sharhi. Akwai ihun ɗalibai, da usur, da karon kwalkwali, da mai sanarwa na fili, da kuma 'yan badujalar jami'o'in biyu, waɗanda akan nuna wasansu na lokacin hutu, daidai lokacin da babbar tasha take komawa ɗakin sharhi da tallace-tallace. Abin da ya gagara zama abincin kowa a 1980 ya samu wurin zama da ya koma zaɓi. Duk da haka kada a ruɗu a ce wannan shi ne wasan tsagwaronsa. Wani ne ya dasa makirufo a inda ya dasa, wani ne yake ɗaga wannan sauti ya danne wancan, wani ne kuma yake zaɓar kyamarar da za ta hau allo. An cire mai magana, amma mai tsara labari yana nan a motarsa a bayan fili.

6.0 Zaɓin Wa?

Dayan da Katz, a littafinsu na 1992, sun bayyana manyan bukukuwan talabijin a matsayin lokutan da al'umma take dakatar da harkokinta ta kalli abu ɗaya tare. Ana iya tsammanin MegaCast zai wargaza wannan tarayya. Abin da aka gani ya saɓa wa haka. Mafi rinjayen masu kallo a babbar tasha suke zama, kuma yawan jama'a ya fi bin armashin wasa da sunan jami'o'in da suka kara fiye da yawan salailai. Wasan 2015 da Ohio State ta doke Oregon 42 da 20 ya tara mutum fiye da miliyan 33. Na 2023, da Georgia ta yi wa TCU kaca-kaca da 65 da 7, miliyan 17 da 'yan kai ya samu, duk da salailan da aka jera.

To me ya sa kamfanin bai daina ba? Kuɗin mallakar wasan an riga an biya, kuma ba kaɗan ba ne: sabuwar yarjejeniyar da aka sanar a 2024 ta kai dala biliyan 7.8 na shekara shida. Kyamarori suna fili ko da MegaCast ko babu. Ƙarin salo ɗaya abu ne mai araha idan aka gwada shi da wannan jari, kuma duk wanda ya gaji da babbar tasha ya danna rimot, a gidan ESPN zai sake faɗawa, a ƙirga shi cikin jimillar da za a nuna wa masu talla. Zaɓin na gaske ne, amma a rumfa ɗaya ake yin sa. Sannan daren ya zama gonar gwaji, inda ake jarraba dabara a gaban 'yan ƙalilan kafin a kai ta babban allo. Wasu kamfanoni sun bi sahu: a Janairun 2021 tashar yara ta Nickelodeon ta watsa wasan ƙwararru da zane-zanen barkwanci a kan hoto.

7.0 Abin da Ya Shafi Mai Nazarin Hausa

Wasan ba namu ba ne, kuma ana buga shi ne a lokacin da dare ya raba a Nijeriya da Nijar. Amma raba hoto da murya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mai kallon ƙwallon Ingila da yake rage sautin talabijin ya kunna sharhin Hausa a rediyo ya haɗa wa kansa salon rediyon gida, har da matsalar da injiniyoyin ESPN suke magancewa, ta murya ta riga hoto ko hoto ya riga murya. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa su ma sabuwar murya suke ɗorawa a kan tsohon hoto, kuma sau da yawa abin da ya fito ya fi kusa da sabon labari fiye da fassara.

Abin da misalin Amurka ya ƙara shi ne hanyar bincike. Matsalar mai nazarin salo kullum ita ce samun matani biyu da suka yi tarayya a komai in ban da abin da yake son aunawa. A nan an samu: aukuwa ɗaya, daƙiƙa ɗaya, masu magana daban-daban. Ana iya yin irin wannan da wasan ƙwallon ƙafa guda, a naɗi sharhin Hausa da na Ingilishi, a jera su jimla da jimla a kan ci ɗaya. A nan za a ga inda mai sharhin Hausa yake jawo kirari da karin magana da zambo, da lokacin da yake barin bayanin wasa ya koma tsokanar magoya baya, da wakilin sunan da yake amfani da shi idan ƙungiyar Nijeriya ce a fili. A fagen dambe ma tambayar tana nan, ta wata fuska: makaɗa da masu kirari suna cikin fage, muryarsu tana shiga kunnen ɗan dambe tana zuga shi, don haka wanda ya ɗauki dambe a bidiyo ya ɗora sharhi a kai yana danne wani sharhin ne da ya riga shi.

Akwai kuma batun harshe kansa. Cikin jerin salailan MegaCast akwai sharhin Sifaniyanci a tashar ESPN Deportes, wanda ake lissafa shi a matsayin zaɓi ɗaya daga cikin zaɓuɓɓuka, kusa da kyamarar sama da zauren masu horarwa. Sifaniyanci ya samu wannan gurbi ne saboda masu jin sa a Amurka sun kai miliyoyi da dama kuma masu talla suna neman su. Masu jin Hausa su ma miliyoyi ne masu yawa, sai dai kamfanonin da suke riƙe da haƙƙin nuna manyan gasanni a Afirka ta Yamma ba yawan baki kaɗai suke ƙirgawa ba, suna ƙirga wanda yake biyan kuɗin wata da sunansa. Mutum hamsin da suka cika gidan kallo a Kano ko Maraɗi, a littafin kamfani akwati ɗaya ne.